Barewa ta tafi da harbi a ƙarshen lokacin farauta: a bi ta ko a jira?

Ɗanlami: Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga manyanmu da suka san farautar barewa mai farar wutsiya a arewacin Amurka. Me ya sa a Disamba da Janairu ake yawan jin an harbi barewa ta tafi da rauni, an neme ta an rasa? A tunanina ai lokacin ne bin jini ya fi sauƙi, tunda dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, ja a kan fari kuwa ko yaro ya gan shi.

Alhaji Bawa: Wa alaikumus salam. Ɗanlami, barewar Disamba daban take da ta Oktoba, tun daga fatarta har halinta. Ta riga ta sa rigar hunturu, gashi mai kauri wanda kowane sili yake da rami a ciki. Gashin nan yana shanye jini kafin ya kai ga ɗiga. Matan kuma, musamman na yankin gonakin masara da waken suya, sun tara kitse a ƙarƙashin fata, kuma kitse kan toshe ramin harsashi ko na kibiya kamar an cusa tsumma. Sai ka ga harbin ya ratsa huhu sarai, jini yana taruwa a cikin ƙirji, amma mita 30 ko 40 na farko babu ko ɗigo a ƙasa. Mai ƙaramin sani ya duba nan da can ya ce ya kuskure, ya koma gida, alhali dabbar tana kwance matacciya bayan tudu.

Sannan halinta. Ta sha karon maharba tun watan Satumba ko Oktoba, ta ji ƙarar bindiga ta ishe ta. Ba ta fitowa kiwo sai rana ta kusa faɗuwa, a watan da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 4:30 zuwa 5:00. Jihohi da yawa sun ba da damar harbi har rabin sa'a bayan faɗuwar rana. Ke nan mafi yawan harbin ƙarshen lokaci ana yin sa ne cikin haske kaɗan, da hannu a sandare, a kan dabbar da take a tsorace.

Malam Habu: Ƙari a kan maganar Alhaji, Ɗanlami, ita dusar da kake yabo tana da ƙarya iri biyu. Idan ta daskare ta yi tauri, cokali ɗaya na jini sai ya bazu ya zama kamar an yanka rago, maharbi ya ɗauka ya sami makasa, ya rufa mata baya da gudu. Idan kuma sabuwa ce mai laushi kamar gari, jini da ɗuminsa sai ya huda ta ya nutse, ba ka ganin komai a sama sai ɗan rami kamar na tsinke. Dole ka share saman da gefen takalmi a gefen sawun kafin ka ga ja. Ga kuma sawu barkatai, domin a hunturu bareyi suna haɗuwa garke suna bin turba ɗaya, sawun taka ya shige cikin na guda goma.

Ɗanlami: To Alhaji, idan yawan jini ba abin dogaro ba ne, da me mutum zai gane inda ya samu?

Alhaji Bawa: Da abu huɗu, kuma biyu daga ciki tun kana zaune a inda ka yi harbi ake karanta su.

Na farko yadda ta yi lokacin da harbin ya same ta. Wadda aka samu a zuciya ko huhu sau da yawa takan yi tutsu da ƙafafun baya kamar jaki, ta zura a guje kai a ƙasa, tana karo da itace ba ta kaucewa. Wadda aka samu a tumbi ko hanji takan gantsare baya, ta yi ɗan gudu kaɗan, sai ta koma tafiya a hankali, wutsiya a ƙasa. Wadda ta faɗi nan take kamar an yanke igiya, ita ce abin tsoro: ko ƙashin baya ne ya karye, ko kuma harbin ya bi ta samansa ya gigita ta kawai. A hali na biyu za ta miƙe bayan daƙiƙu ta tafi, kuma da wuya a sake ganinta. Don haka duk wadda ta faɗi nan take, ka sake ɗura bindiga ka tsaya a kanta. In tana yunƙuri, ka ƙara mata, kada ka tsaya jin tausayin nama.

Na biyu kunne. Ka saurari inda ƙarar gudunta ta nufa da inda ta yanke. Ka kafa ido a kan bishiyar da ka gan ta ta ƙarshe, ka riƙe wata alama tata, domin da ka sauko ƙasa daga bishiyar da ka hau ka yi kwanto, daji kan canza kama.

Na uku gashin da ya zube a inda take tsaye. Fari daga ciki ne ko cikin cinya ko ƙasan wutsiya, wato harbin ya yi ƙasa ko ya yi baya. Ruwan ƙasa mai matsakaicin tsawo daga haƙarƙari ne. Dogo mai duhu daga gadon baya.

Na huɗu kalar jinin da warinsa. Na huhu ja ne mai haske da ƙananan kumfa. Na hanta ja ne mai duhu, ba kumfa. Na tumbi ruwa-ruwa ne gauraye da ɗanyen abinci kore ko ruwan ƙasa, hancinka ma zai gaya maka. Na tsoka ja ne wur, da yawa a farko, sai ya riƙa raguwa har ya ƙafe bayan mita 200 ko 300. Mai baka ya fi mai bindiga sa'a a nan, domin kibiyar da ta ratsa ta fita takarda ce rubutacciya: ya duba ta daga baki har gashin gindinta, ya sunsuna.

Sale: Sai lissafin jira. Zuciya ko huhu biyu, minti 30 zuwa sa'a ɗaya, kuma galibi ba ta wuce mita 100 zuwa 150. Hanta, sa'a 4 zuwa 6. Tumbi ko hanji, sa'a 8 zuwa 12, in an ƙara ma ba laifi. Wanda bai tabbata ba ya ɗauki mafi tsawo.

Dalilin jiran shi ne barewar da aka huda wa ciki, in ba a tsorata ta ba, takan kwanta a sarƙaƙiya mafi kusa, sau da yawa cikin mita 200, jiki ya yi mata nauyi, ta mutu a nan ko a makwanci na biyu kusa da shi. Amma ka tashe ta bayan sa'a ɗaya, tana da ƙarfin da za ta yi kilomita, ramin kuma hanji ya toshe shi, ba jini. Sauri ya haifi nawa ke nan. Alamar ka yi gaggawa ita ce ka tarar da makwanci mai jini da ɗumi babu dabba. Da ka ga haka ka sa alama, ka juya da baya a hankali, ka ba ta wasu sa'o'i.

Malam Habu: Sale, ban yarda da jira a kowane hali ba. Idan ƙafa ce ta karye ko tsoka aka samu, jira taimakonta ne, jinin ya daskare ta warke ko ta tafi da gurguntaka. Irin wannan bin ta ake yi a hankali ba tsayawa, don raunin ya ci gaba da zuba, wani kuma ya zagaya ya tare gaba in doka da filin sun ba da dama. A nan kam dusa tana da amfani, domin sawun mai jan ƙafa ba ya ɓuya.

Sale: Gaskiya ne Malam, amma da sharaɗin mutum ya tabbata. Ɓallin ƙashi mai santsi da lanƙwasa a wurin harbi, na ƙafa ne. In babu irin wannan shaida, kuskuren ɗaukar harbin ciki a matsayin na tsoka ya fi tsada.

Ɗanlami: To in harbin tumbi ne, ga kuma hasashen yanayi ya ce dusa za ta sauka cikin dare ta rufe komai?

Alhaji Bawa: Nan ne mutane suka fi faɗawa. Dusa tana rufe jini, ba ta ƙara wa barewa nisa. Matacciya a mita 200 ba tare da jini ba ta fi sauƙin samu a kan rayayyiya da ka kora ta tsallaka gonaki uku. Abin da za ka yi kafin ka tafi: ka ɗaura ƙyalle mai haske a inda ka zauna, da inda take tsaye, da inda ka gan ta ta ƙarshe, a reshe daidai ƙirji, ba a ƙasa ba. Ka adana wuraren uku a taswirar wayarka. Ka fita ta hanyar da ba ta bi ba, ko da zagaye ne.

Malam Isiyaku: Ku gafarce ni, akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma ga Musulmi shi ne kan gaba. Wannan jira na sa'a 8 zuwa 12, in an yi harbi da magariba, ma'anarsa dabbar ta kwana ba a gan ta ba. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya ce babu laifi a ci abin farautar da ya ɓace wa mutum idan ya sami kibiyarsa ko alamar karensa a jikinsa, matuƙar bai kwana ba. Idan ya kwana, an karhanta cinsa. Risala ta kawo wannan sharaɗi na rashin kwana, sannan ta kawo wani ƙaulin cewa sharaɗin ya shafi abin da kare ko shaho ya kashe ne, amma in an sami kibiya a makasa babu laifi a ci. A Muhtasar na Shaihu Halilu kuma an lissafa sakaci wajen bin dabbar cikin abubuwan da ke hana ci, sai in mutum ya tabbata ko ya bi ba zai riske ta da rai ba. Har ajiye wuƙa a jaka ko a hannun wani, ta yadda dabbar za ta mutu kafin a ciro ta, an ambata.

A ɗaya gefen akwai hadisin Adiyyu ɗan Hatim, cewa idan abin farautar ya ɓace maka kwana guda, ba ka sami komai a jikinsa ba sai gurbin kibiyarka, ka ci in ka so, amma in ka same shi ya nutse a ruwa kada ka ci. Da hadisin Abu Sa'alaba a Sahihu Muslim, wanda ya ba da dama har bayan kwana uku matuƙar bai yi wari ba. Saɓani ne na malamai tun da can, kowa ya koma ga malaminsa. Abin da kowa zai riƙe: bisimilla lokacin harbi, da yanka idan an riske ta da cikakken rai.

Sale: Allah ya gafarta Malam, ashe ke nan mai bin mazhabar Malikiyya yana tsaka mai wuya. In ya bi da wuri ya kore ta, in ya jira ta kwana.

Malam Isiyaku: Haka ne, sai dai a lura da abu biyu. Hujin hanji yana cikin makasa biyar da malaman Malikiyya suka lissafa, tare da yankewar laka, da zubar ƙwaƙwalwa, da zubowar kayan ciki, da tsinkewar jijiyar wuya. Wannan yana da tasiri a kan ƙaulin Risala na biyu. Sannan jiran da aka yi don kada dabbar ta ɓace ba daidai yake da jiran lalaci ba, ko da yake hukunta wannan aikin mai fatawa ne. Maganar ruwa kuwa ku riƙe ta da kyau, domin ku da kanku kun san mai raunin ciki tana neman rafi.

Alhaji Bawa: Tana nema kuwa, ƙishirwa ke kama ta. Shi ya sa in jini ya ƙare ake duba bakin rafi da fadama. Ni dai abin da na ɗauka daga bayanin Malam shi ne harbin magariba sai wanda babu shakka a cikinsa. Dabba ta ba ka gefe sosai, ko ta ɗan juya maka baya kaɗan, tana tsaye cik. Ka bi layin bayan ƙafar gaba, ka hau kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki daga ƙasan ƙirji. Wurin da kake nema faɗinsa bai fi taƙi guda ba, kamar santimita 20. Wadda ta fuskanto ka a karkace, allon kafaɗa ya rufe huhu ɗaya, kuma abin da ya wuce tumbi zai faɗa. A bar ta ta wuce. Kuskuren safe yana da yini guda na gyara, ka jira sa'a 8 ka bi ta kafin duhu. Na yamma ba shi da wannan.

A kuma kula da gashin hunturu, yana ƙara mata kauri a ido, musamman a ƙasan ƙirji da gadon baya. Wanda ya auna daga gefen gashi sai ya harbi gashi da fata.

Malam Habu: Kayan aiki ma suna da nasu laifin a sanyi. A jihar Fensilbaniya akwai lokacin farauta da ake buɗewa bayan Kirsimeti na bindigar ƙanƙara, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, 'yar'uwar adakar maharbanmu ta gida. Babbar matsalarta laima. Ka shigo da ita ɗaki mai ɗumi daga sanyi, ƙarfen ya yi gumi ciki da waje, albarushi ya jiƙe. Gobe ka ja kunama, ta yi jinkirin tashi na ɗan lokaci, kai kuma ka riga ka ɗaga kai, harsashi ya tafi baya ya sami ciki. Maganinsa: a zubar da albarushin kasko, wato ɗan albarushin da ake zubawa a gefen bindigar inda ƙanƙarar ke ƙyasta wuta, a bar bindigar a wuri mai sanyi da kulle. A rufe bakinta da salatif, ba ya hana harbi. A riƙa sauya albarushin kasko a kai a kai in ana dusa, a tsokace ƙaramin ramin wuta da siririyar waya, a tabbata bakin ƙanƙarar yana da kaifi. In ta ƙi tashi, a bar bakinta yana kallon gaba na minti guda kafin a taɓa komai. Hayaƙinta kuma yana rufe maka ido daidai lokacin da ya kamata ka ga yadda dabbar ta yi, sai ka leƙa ta ƙasansa ko ka dogara da kunne. Dunƙulen darma sau da yawa ba ya fita ta ɗaya gefen, rami ɗaya ke nan, jini kaɗan. A ganina mita 50 zuwa 60 ya ishi mai irin wannan bindiga.

Bindigar zamani kuma, mai da ya yi yawa a cikin makullinta yana daskarewa, allurar ta bugi harsashi da rauni. A wanke a bar ta kusan a bushe.

Sale: Masu baka nasu ya fi. Sa'a uku a zaune cikin sanyi, bakan da kake ja cikin sauƙi a Satumba sai ya gagare ka, ko ka ja shi da fizga dabba ta gan ka. A rage nauyin ja kaɗan, a sake gwada saiti, kuma a yi gwajin sanye da rigar da za a fita da ita, domin hannun riga mai kauri yana taɓa tsirkiya ya karkatar da kibiya. Sai batun nisa. A sanyin da ruwa ke daskarewa sauti yana tafiyar mita 331 a daƙiƙa, kibiyar farauta kuwa wajen mita 85. A nisan mita 30, ƙarar tsirkiya ta isa kunnenta kusan rubu'in daƙiƙa kafin kibiya. Barewar da take a tsorace tana durƙusawa don ta zabura, sai kibiyar da aka nufa huhu ta bi ta saman baya. A tsaya a mita 20, a ɗan sassauto da saiti zuwa ƙasan makasa. Wanda yake kan bishiya kuma kada ya harbi wadda ta zo dab da gindinta: kibiya za ta shiga ta sama, ta sami huhu ɗaya, ba ramin fita a ƙasa. Mai huhu ɗaya tana iya yin nisa mai ban mamaki, wata ma ta rayu.

Ɗanlami: In an jira, an dawo, an bi jini har ya ƙare fa?

Garba: Kafin komai, mutum biyu sun isa, uku sun yi yawa. Ɗaya ya tsaya a jinin ƙarshe, ɗaya ya nemi na gaba. A bi ta gefen sawu, kada a taka shi. Kowane ɗigo a sa masa guntun takardar bayan gida a reshe, in ka waiwaya za ka ga layin tafiyarta, ruwa kuma zai narkar da takardar daga baya. Kada ido ya tsaya a ƙasa kawai, a duba ciyawa da rassa daidai gwiwa zuwa ƙugu, inda ta goga jiki. Tsayin jinin a jikin ciyawa yana nuna tsayin raunin, jini a gefe biyu kuma yana nuna harbin ya fita. Inda ba dusa, ganyen da ya bushe yana da jajayen ɗigo masu ruɗi. Ruwan wanke ciwon nan mai kumfa, haidirojin feroksaid, in ka fesa a kan jini sai ya yi fari da kumfa. A ajiye kwalbar a aljihun ciki don kada ta daskare.

In an yi minti 20 ba sabon jini, ka tsaya. Kada ka tara jama'a su bazu cikin daji tukuna. Ka kira mai kare. Yawancin jihohi yanzu sun halatta bin dabba mai rauni da kare a igiya, Fensilbaniya ta shigo a 2018, kuma ƙungiyar United Blood Trackers tana da jerin masu wannan aiki jiha jiha. Karen da ya ƙware ba jini kaɗai yake bi ba, yana bin warin wannan barewar ita kaɗai, har da wanda ke fita daga tsakanin kofatonta. Sawun da ya kwana ba ya gagararsa. Abin da ke rikita shi mutum goma da suka taka jini suka yaɗa shi ko'ina da takalmansu. Sai kare ya gaza ake jeruwa, tazarar mita 10 tsakanin mutum da mutum, a tsefe daji yanki yanki, a leƙa ƙarƙashin kowane itacen da ya faɗi.

Abu biyu na doka: shiga filin wani, ko da kana ganin dabbarka kwance a ciki, a jihohi da yawa sai da izinin mai fili, don haka a nemi lambar maƙwabta tun kafin ranar farauta. Jirgin nan marar matuƙi mai ganin ɗumin jiki kuma, wata jiha ta yarda a nemi dabba da shi, wata ta hana. A karanta littafin dokar farauta na shekarar, har da batun riƙe makami in ana bin sawu da dare.

Hajiya Rabi: Duk kun yi maganar samunta, ba ku yi ta naman ba. Kada sanyi ya ruɗe ku. Rigar da ta hana ta jin sanyi tana da rai ita ce ke riƙe zafi bayan ta mutu, dusa kuma in ta lulluɓe ta bargo ce. Gefen da ya kwanta a ƙasa, da wuya, da kewayen ƙashin cinya su ke fara lalacewa. Da an same ta a farke ciki nan take, a buɗe ƙirji a sa itace ya tokare, a ɗaga ta daga ƙasa. In tumbi ya fashe, a yanke duk naman da ƙazantar ta taɓa, har da siraran tsokar nan biyu na cikin gadon baya, a wanke da ruwa mai tsabta a tsane da ƙyalle. A tsaga cinya har ƙashi a sunsuna. Kore-kore ko tsami, a zubar. Ana so naman ya sauko ƙasa da digiri 4 da wuri, amma kada ya daskare a daren farko, yana sa shi tauri.

Garba: Hajiya ta tuna mini da dilolin can, koyote. A hunturu yunwa suke ji, kuma inda suke da yawa barewar da ta kwana ba lallai a tarar da cinyoyinta ba.

Malam Isiyaku: In kuwa sun taɓa ta, sai a duba da kyau. Sharaɗin hadisin shi ne babu wata alama a jikinta sai ta harbinka. Idan ba a san ko harbin ne ya kashe ta ko su ne suka ƙarasa ta ba, ba a ci.

Garba: Ana iya ganewa sau da yawa, Malam. Cizon da aka yi tana da rai yana barin taruwar jini a ƙarƙashin fata, a maƙogwaro ko a bayan cinya, ga wurin a turmushe da alamar kokawa a kan dusa. Wanda aka yi bayan ta mutu ba ya tara jini, makwancin kuma lafiya lau, sai sawunsu kawai. A feɗe wuyan a duba kafin a yanke hukunci.

Ɗanlami: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Alhaji, saura ɗaya: namijin da ƙahonsa ya riga ya zube a Janairu, yaya ake bambanta shi da mace daga nesa?

Alhaji Bawa: Ka dubi goshi da madubin hangen nesa. Nasa a baje yake, da tabo biyu zagayayyu a gaban kunnuwa inda ƙahon ya cire, na mace kuwa a dunƙule yake sumul. Jikinsa a rame bayan wahalar barbarar Nuwamba, ƙugu a shafe, kuma yawanci shi kaɗai yake tafe ko da wani namijin. Wadda ta fito da 'ya'ya a bayanta ita ce macen. Ƙaramin da ya riga kowa fitowa fili ba tsoro, mai gajeren baki, sau da yawa ɗan bana ne namiji, shi ma a duba goshinsa kafin a ɗaga bindiga.